Wa ke yanke ƙimar asali da iyakar saitunan kanel a Linux? Sabarmu tana shaƙewa da daddare

Ɗan Misfala, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa.

Ina aiki a wani ƙaramin ofishin hidimar masu umra a nan Misfala, kuma ni ke kula da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu, wadda wakilanmu na Kano da Zinder da Yamai suke shiga su kama wa mutanensu ɗakuna da motoci. Saba biyu gare mu. Tsohuwar tana kan Ubuntu 18.04, kanel 4.15 (kanel shi ne zuciyar Linux mai sarrafa injin), RAM giga 8, ita ce ke ɗauke da nginx mai karɓar masu shiga shafin, da PHP mai gudanar da shi, da PostgreSQL, rumbun bayananmu, gaba ɗaya. Sabuwar Ubuntu 22.04 ce, ba mu gama komawa kanta ba tukuna.

Tun da azumi ya kama, da zarar an idar da tarawihi a Najeriya da Nijar, wato wajen sha ɗaya zuwa sha biyun dare a nan tunda awa biyu ce tsakaninmu, sai wakilai su shigo lokaci guda, shafin ya tsaya cik. Wani ya jira har ya gaji, wani ya riƙa kiran mudir, shugaban ofishinmu, a waya yana cewa yana da mutum ashirin a filin jirgi bai san inda zai sauke su ba. Da farko nginx yana cewa worker_connections, wato adadin haɗuwar da kowane ma'aikacinsa zai riƙe, ba su isa ba, na ɗaga su daga 768 zuwa 4096. Yanzu kuma abin da yake rubutawa shi ne "Too many open files". Na shiga /etc/security/limits.conf na sa nofile, iyakar buɗaɗɗun fayil, ya zama 65535, na sake kunna injin, saƙon bai daina zuwa ba.

Wani abokina ya turo min fayil ɗin sysctl, wato na saitunan kanel, mai layi da yawa daga wani zauren WhatsApp, ya ce in zuba shi duka in huta. Kafin in zuba na tsaya na kwatanta injinan biyu, abin da na gani ya ɗaure min kai. A tsohuwar net.core.somaxconn 128 ne, a sabuwar 4096, alhali babu wanda ya taɓa su. Na gwada vm.swappiness=150, saitin yadda kanel ke tura abu daga RAM zuwa suwaf, wato wurin da yake sauke rarar RAM, sabuwar ta karɓa, tsohuwar ta ce "Invalid argument". Akwai wani layi a fayil ɗin, net.ipv4.tcp_tw_recycle=1, duka biyun sun ce ba su san shi ba.

Tambayata ba ta tsaya ga gyaran daren nan ba. Wa ke zama ya yanke cewa 128 ne ko 4096? A ina ake rubuta cewa ba za ka wuce kaza ba? Kuma in injin nawa ne, RAM nawa ne, me zai hana in ɗaga kowace iyaka zuwa ƙurewarta in rabu da wannan shaƙewar? Goman ƙarshe na tafe, kun san yadda Makka take a lokacin. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Baban Injiniyoyi, Jidda

Wa alaikumus salam ɗana, barka da shan ruwa. Ka yi daidai da ka tsaya ka kwatanta kafin ka zuba fayil ɗin nan. Ka ajiye shi gefe tukuna.

Mu fara da abin da ke ƙona ka. Fayil ɗin limits.conf ba na kanel ba ne, na PAM ne, mai tantance masu shiga injin, kuma yana aiki ne kawai a kan wanda ya bi ta PAM ɗin, kamar mai shigowa ta login ko ssh. nginx bai shigo ta nan ba, systemd, mai tayar da manhajojin injin, shi ne ya tashe shi, don haka bai ma san ka rubuta komai ba. Kada ka yarda da abin da ulimit -n ya nuna maka a tagarka, wannan naka ne kai. Nemo lambar aiki (PID) ta ɗaya daga cikin ma'aikatan nginx, ka karanta /proc/lambar/limits, ka duba layin buɗaɗɗun fayil. Ina kyautata zaton 1024 za ka gani. A Linux kowace haɗuwa ta intanet fayil ce buɗaɗɗe, to ka ce masa ya karɓi mutum 4096 amma hannunsa 1024 kawai yake iya riƙewa. Gyaran hanya biyu ne: ko worker_rlimit_nofile a cikin nginx.conf, ko ka yi systemctl edit nginx ka sa LimitNOFILE. Ka ba shi 16384, ya ishe ka da rara.

Sai somaxconn. Wannan tsawon layin waɗanda suka gama gaisawa da saba ne suna jiran manhaja ta karɓe su. nginx yana neman 511 a Linux in ba ka ce masa komai ba, kanel kuma yana ɗaukar ƙaramin cikin biyun, ba tare da ya faɗa maka ba. A tsohuwarka an datse shi zuwa 128, a sabuwar ya tsaya a 511, bai kai 4096 ɗin ba. Yi ss -lnt ka duba ginshiƙin Send-Q, tsawon layin na gaskiya ke nan. Sannan nstat -az TcpExtListenOverflows zai gaya maka sau nawa layin ya cika aka yar da mutane. Ka duba shi da la'asar, ka sake dubawa da ƙarfe ɗayan dare. In lambar ba ta motsa ba, ba somaxconn ne ciwonka ba, ko ka mayar da shi miliyan.

Ko ta motsa ma, ka sani tsawaita layi ba ya ƙara sauri. Mai tamis da tanderu ɗaya, ko layinsa ya kai bakin titi, burodin da ke fitowa a minti ɗaya bai ƙaru ba, jiran ne ya ƙaru. In PHP ko PostgreSQL ne ke jan ƙafa, wakilin Zinder zai daina ganin an kore shi, ya koma kallon shafi yana juyawa. Don haka ka duba pm.max_children na PHP-FPM, wato iyakar ma'aikatan PHP da ke aiki lokaci guda, da tambayoyin da ke daɗewa a rumbun bayanai.

Game da ɗaga komai zuwa ƙurewa, a nan ne ban yarda ba ko kaɗan. Kowane fayil da aka buɗe, kowace haɗuwa, kowane aiki da aka tayar, kanel yana ware masa wuri a RAM, kuma wurin kanel ba a tura shi suwaf. Ranar da wata manhaja ta riƙa buɗe fayil ba ta rufewa, in akwai iyaka ita kaɗai za ta faɗi, ta bar maka saƙo a rubuce ka gane ta. In babu iyaka sai ta cinye giga 8 ɗin, kanel ya fara kashe ayyuka don ya ceci kansa, kuma yakan fi kai hannu ga mai cin RAM da yawa, wanda a injinka yana iya zama PostgreSQL. Ka ga ka sauya ƙaramar matsala da babba.

Shi kuwa tcp_tw_recycle, an cire shi daga kanel tun 4.12 a shekarar 2017, saboda yana yar da haɗuwar mutanen da suke fitowa ta adireshi ɗaya, kamar masu amfani da layin waya ko Wi-Fi na otal. Wakilanka kusan duk haka suke shigowa. Ganin shi a fayil ɗin ya isa ya nuna maka cewa an rubuta shi ne don injinan wani zamani, ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Na tabbata za ka ga kernel.shmmax, iyakar girman yankin RAM da ayyuka ke tarayya a kai, a ciki da wata ƙatuwar lamba. Wannan ma PostgreSQL ya daina buƙatarsa tun 9.3 a 2013, kanel kuma ya ɗaga shi da kansa tun 3.16. Haka tcp_fin_timeout da suke rage wa don wai a gajarta TIME_WAIT, jiran da haɗuwa ke yi bayan an rufe ta: bai shafe shi ba, daƙiƙa 60 ɗin TIME_WAIT a cikin kod aka kafe su.

Ɗalibar Madina

Assalamu alaikum. Baba ya gama da gyara, ni bari in ɗauki tambayar da ta fi burge ni, wato wa ke yanke lambobin, don na ɗan zauna da kod ɗin kanel a kan wannan.

Yaya, lambar da kake gani a injinka ta bi ta hannu uku kafin ta iso gare ka. Hannu na farko masu rubuta kanel ne. Kowane saiti da ke ƙarƙashin /proc/sys yana da gurbi a wani teburi da ake kira ctl_table: sunansa, inda ƙimarsa take zaune, izinin karatu da rubutu, da aikin da zai tantance abin da ka rubuta. Da yawa suna amfani da proc_dointvec_minmax, wanda ke duba gurbi biyu, extra1 na ƙasa da extra2 na sama. In lambarka ta fita daga tsakaninsu sai ya ƙi, shi ne "Invalid argument" da ka gani. A kanel 4.15 saman swappiness 100 ne. A 5.8, shekarar 2020, aka ɗaga shi zuwa 200 saboda masu suwaf mai sauri irin zram, mai matse bayanai a cikin RAM, inda tura abu suwaf zai iya fin sake karanto fayil daga diski sauƙi. Asalinsa dai 60 ne a duka biyun. Irin wannan iyakar ba ka da yadda za ka yi da ita sai ka sauya kanel.

Shi somaxconn ya daɗe a 128, har Eric Dumazet ya kawo gyaran da ya mayar da shi 4096, ya shiga kanel 5.4 a ƙarshen 2019. Sabuwarka tana kan 5.15, shi ya sa. Ana tura irin wannan gyaran ne a fili tare da dalili, masu kula da ɓangaren su duba, a yi musu in akwai, sannan a karɓa.

Ba kowace ƙima ce kafaffiya ba. Wasu lissafa su ake yi lokacin da injin ke tashi, gwargwadon RAM ɗinsa, kamar fs.file-max da kernel.threads-max. Injina biyu masu kanel iri ɗaya za su iya nuna lamba daban, kuma babu wanda ya yi kuskure. Wasu kuma tarihi ne ya haife su. Misalin da na fi so vm.max_map_count, iyakar sassan ƙwaƙwalwa da manhaja ɗaya za ta riƙe, 65530. Lambar ba ta yi kama da ta kwamfuta ba, ko? An samo ta ne daga 65535, mafi girman abin da bit 16 ke ɗauka, aka cire 5, saboda fayil ɗin da kanel ke zubarwa in manhaja ta faɗi yana ƙirga sassansa da bit 16, aka bar gurbi biyar don ƙarin sassa. Elasticsearch, manhajar binciken bayanai, yana neman 262144 kafin ya yarda ya tashi, Fedora kuma ta mayar da shi 1048576 tun fitowarta ta 39, musamman saboda wasannin kwamfuta.

Wannan ya kawo mu hannu na biyu, masu haɗa rarrabawa irin Ubuntu da Fedora, da kuma systemd. Suna ajiye nasu fayilolin a /usr/lib/sysctl.d da /etc/sysctl.d. Duba kernel.pid_max, iyakar lambobin ayyuka, a injinanka: tsohuwar 32768, sabuwar 4194304, saboda systemd ya ɗaga shi tun 243. Wannan 4194304 ɗin shi ne ƙurewarsa a injin bit 64, ƙara ɗaya a kai ka ga an ƙi.

1024 ɗin da ya shaƙe nginx ma da dalilinsa. Tsohon kiran select(), da manhajoji ke sa ido da shi a kan fayiloli da yawa lokaci guda, ba ya iya riƙe lambar fayil da ta kai 1024, in ta kai yana iya lalata ƙwaƙwalwar manhajar. Shi ya sa systemd 240 ya ɗaga iyaka mai tsauri, wato ƙurewar da manhaja za ta iya kaiwa da kanta, zuwa 524288 amma ya bar mai sassauci, wadda take farawa da ita, a 1024: manhajar da ta san ba ta amfani da select() ta ɗaga wa kanta, tsohuwa kuma a bar ta lafiya. Hannu na uku kai ne, kuma kai kaɗai ka san wakilanka suna zuwa da sha ɗayan dare. Bayanin yawancinsu yana cikin kod ɗin kanel a Documentation/admin-guide/sysctl, na TCP kuma a Documentation/networking.

Mai Janareta, Fot Sudan

Salamu alaikum jama'a. Baba, da girmamawa, akwai inda nake so in ɗan ja da kai, kada ɗan'uwanmu ya tafi da tunanin cewa ƙimar asali abar tsoro ce da ba a taɓawa.

Waɗanda suka zaɓi lambobin nan ba su san yanayinmu ba, kuma ba laifinsu ba ne, sun zaɓi abin da zai yi wa mafi yawan injina daidai ne. A nan wuta tana ɗaukewa ba sallama, batirin UPS da zafi ya gama da shi ba ya riƙe komai. Ina kula da wata ƙaramar saba ta ajiye takardu a wani shagon buga takardu da fassara. A Linux in ka adana fayil ba nan take yake sauka a diski ba, yana zama a RAM tukuna. vm.dirty_expire_centisecs asalinsa 3000 ne, daƙiƙa 30 ke nan kafin a ɗauke shi a matsayin wanda ya kamata a rubuta. vm.dirty_background_ratio 10 ne, vm.dirty_ratio 20, kaso ne na RAM da ke akwai. A injin mai giga 16 da diski mai juyawa, wannan tarin bayanai ne mai yawa a rataye. Wuta ta ɗauke, mai fassara ya ga ya adana, ya dawo bai tarar da komai ba. Ga wanda ke neman biza da takardar nan gobe da safe, ba ƙaramin abu ba ne.

Na rage lokacin zuwa daƙiƙa 10, na bar kaso na koma vm.dirty_bytes da vm.dirty_background_bytes don in faɗi adadi tsayayye. Ku lura, in ka sa na bytes, na ratio ɗin yana komawa sifili da kansa, ɗaya ne ke aiki a lokaci guda. Diski yana ƙara aiki kaɗan, na yarda da wannan farashin. Kai ɗan Misfala wannan bai dame ka sosai ba, PostgreSQL yana tilasta rubutunsa ya sauka a diski da fsync, kuma wutarku ba ta wasa.

Wani misali da ke nuna cewa babu lamba ɗaya mai kyau ga kowa: vm.overcommit_memory, mai yanke ko kanel zai yi wa manhajoji alkawarin ƙwaƙwalwar da ta fi wadda ke akwai. Asalinsa 0. Redis, mai ajiye bayanai a RAM, yana gargaɗi kullum a mayar da shi 1. Takardun PostgreSQL kuma suna ba da shawarar 2 don kada kanel ya kashe shi. In ka sa 2 ka bar vm.overcommit_ratio a 50, injinka mai giga 8, in suwaf ɗinsa giga 2 ne, giga 6 kawai zai yarda a yi alkawari, PHP ya fara faɗuwa alhali RAM na nan. Kowanne cikinsu gaskiyar aikinsa yake faɗa. Duba fayil ɗin abokinka ka gani wanne ya zaɓar maka ba tare da ya san me ke kan injinka ba.

Ɗan Misfala, Makka

Allah ya saka muku da alheri, ya karɓi ibadunmu. Baba, yadda ka faɗa haka na tarar: 1024 a /proc, Send-Q kuma 128. Na sa LimitNOFILE=16384 bayan sallar asuba lokacin da babu kowa a kai, saƙon buɗaɗɗun fayil bai sake fitowa ba. ListenOverflows yana hawa da daddare, don haka na mayar da somaxconn 1024 na sake tayar da nginx, yanzu Send-Q 511 yake nunawa. Shafin bai daina nauyi gaba ɗaya ba. PHP-FPM yana rubuta cewa ya kai max_children, kuma akwai tambaya ɗaya ta neman ɗakunan da babu kowa wadda take daɗewa sosai, ita nake bi yanzu.

Malama, bayanin 65530 ya zauna min, ban taɓa tunanin akwai dalili a bayansa ba. Malam na Fot Sudan, na duba, overcommit 1 ne a fayil ɗin, da swappiness 0, ni kuma ba ni da Redis. Allah ya kawo muku zaman lafiya da wuta mai ɗorewa.

Saura abu ɗaya. Da sysctl -w na sa somaxconn, na san zai tafi in injin ya sake tashi. A wane fayil ya kamata in rubuta shi don kada wani ya danne shi? Kuma in mun koma sabuwar saba, in kwashe saitunan in kai can?

Baban Injiniyoyi, Jidda

Madalla ɗana. Malam na Fot Sudan, ban ƙi maganarka ba, kai ka san abin da ke cinka, ka auna, ka san farashin da ka biya. Wanda nake hanawa shi ne mai zuba layi sittin bai san aikin ko ɗaya ba.

Ka buɗe fayil naka a /etc/sysctl.d, ka sa masa suna kamar 90-ofis.conf. Ana karanta su ne bisa jerin sunaye, na ƙarshe shi ke rinjaye, kuma a Ubuntu 99-sysctl.conf yana nuni ne ga /etc/sysctl.conf, don haka ka tabbata babu somaxconn a can. sysctl --system zai nuna maka jerin yadda ya bi su. In kana amfani da ufw, katangar tsaro ta Ubuntu, shi ma yana da nasa a /etc/ufw/sysctl.conf, ka leƙa. A saman kowane layi ka rubuta kwanan wata, da ƙimar da ka tarar, da abin da ka gani ya sa ka sauya, saboda wanda zai gaje ka a ofishin.

Kada ka kai somaxconn=1024 sabuwar saba, can 4096 ne, rage shi za ka yi. LimitNOFILE kuwa ka kai shi, don mai sassaucin 1024 ne a can ma. In za ka sa nginx cikin Docker a can, mai keɓe manhaja a cikin kwantena, somaxconn na kowace kwantena daban yake da na injin, saitunan vm kuma na kowa ne gaba ɗaya. Ubuntu 18.04 tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 2023, ka gaya wa mudir ƙaurar ba ta jinkiri ba ce, amma kada ka yi ta a goman ƙarshe. Ka bari sai bayan sallah, kafin aikin hajji ya taso. Turo mana sakamakon EXPLAIN ANALYZE, umarnin PostgreSQL mai nuna inda tambaya ke cin lokaci, na tambayar ɗakunan nan mu duba tare, ina zargin indes, mai saurin nemo bayani, shi ne babu a kan kwanakin shiga da fita.